Na hana su kula baƙi, yanzu ko gaisuwa sun daina

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyu, muna zaune a Birnin Kebbi tare da uwar mijina da ƙanwarsa. Ɗiyata shekararta 8, ƙanenta 5. Kwanakin baya ta dawo daga Islamiyya da biskit da naira 200, da na tambaye ta sai ta ce ƙawarta ce ta ba ta. Da dare ƙanenta ya tona: wai wani mai mashin ne ya ɗauko su, ya ce shi abokin babansu ne, ya sauke su a bakin layi, ya ce kada su faɗa a gida don Mama za ta yi faɗa. Ashe ma ba ranar ce ta farko ba. Raina ya ɓaci, na zane ta sosai, na zaunar da su na ce duk wanda ba su sani ba ɓarawon yara ne. Tun daga nan ɗiyar ta daina ba ni labari, yaron kuma da an yi sallama sai ya ruga ɗaki, ranar nan har ya kira wani dattijo ɗan'uwan surukata ɓarawo. Surukata ta ce na lalata tarbiyyar jikokinta. Maigidana ya ce bai gane mai mashin ɗin ba, amma in daina tada hankali, Allah ke tsarewa. Ana cikin haka sai na ga ƙanwar mijin, 'yar shekara 16, ta sa bidiyon ɗiyata a TikTok tana rawa da kayan makaranta, wani kuma ya yi rubutu a ƙasa yana tambayar unguwarmu, wai zai aiko mata kati. Ita ma ɗiyar takan ɗauki wayata ta yi kallo idan ina girki. Anti, ta yaya zan koya musu tsare kansu ba tare da sun zama matsorata ko marasa kunya ba? Kuma yaya zan yi da mutanen gidan?

Uwar biyu, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya kuma sanyaya miki zuciya.

Hankalinki bai tashi a banza ba, kada kowa ya sa ki ji kamar kin cika zargi. Rage wa yara hanya ba laifi ba ne, mutanen kirki suna yi kullum. Amma abokin uba na gaskiya har ƙofar gida yake kai yara, ya yi sallama, ko kuma in ya haɗu da uban a masallaci ya ce, "Jiya na ga 'ya'yanka na rage musu hanya." Wannan kuwa a bakin layi ya sauke su, ya haɗa da kyauta, ya maimaita, sannan ya ce a ɓoye. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi tsaya mini a rai. Masu cutar da yara ba safai suke farawa da ƙarfi ba. Da alheri suke farawa, sai su ɗora wa yaro ɗan ƙaramin sirri su ga ko zai riƙe. In ya riƙe, sai a ƙara wani da ya fi shi nauyi. Ranar da abin ya kai inda ya kai, yaron ya riga ya ɗaure kansa, don za a ce masa, "Ai ke ma kin karɓi kuɗina, in kika faɗa ke za a doka." Ban ce lallai nufin mai mashin ɗin ke nan ba, Allah kaɗai ya san zuciyarsa. Na ce dai abin da ya yi ya bi wannan hanyar sak, kuma ya isa a bincika.

Yanzu bari in taɓo wurin da zai ɗan yi miki zafi. Mutumin ya ce musu Mama za ta yi faɗa, da labarin ya fito kuma Mama ta yi faɗa har da bulala. A idon yarinya 'yar shekara 8, maganarsa ta tabbata. Na san tsoro ne ya ɗaga hannunki, duk uwar da ta ji irin wannan labari jikinta sai ya yi rawa. Amma darasin da ɗiyarki ta ɗauka shi ne gobe ta ƙara iya ɓoyewa, ta kuma ja wa ƙanenta kunne. Shirun da ta yi miki ya fi mai mashin ɗin haɗari, domin shi za a iya korarsa daga layin, amma in yarinya ta rufe baki ba za ki san na gaba ba sai ya yi nisa. Saboda haka kafin ki koya musu komai, wannan ƙofar za ki fara buɗewa.

Kada ki kira ta ɗaki ki rufe ƙofa ki zaunar da ita gabanki, za ta ɗauka shari'a ce. Ki bari sai kina yi mata tsifa ko kitso, tana zaune tsakanin ƙafafunki, idonta ba ya cikin naki. Can cikin hira ki ce, "Ranar nan da na dake ki, tsoro ne ya kama ni, na ɗauka wani zai tafi mini da ke. Da na bari na ji bakinki tukuna." Ba zai rage miki girma ba. Sai ki ɗora da alkawarin da za ki iya cikawa: "Daga yau duk abin da kika zo kika faɗa mini da bakinki, ko ke kika yi laifin, babu duka." Daga nan ki yi shiru, ki ci gaba da kitsonki. Wataƙila ba za ta ce uffan ba a ranar. Wataƙila ta gwada ki da ƙaramin abu bayan kwana biyu, ta ce ita ta fasa kofi, don ta ga ko da gaske kike. Nan ne jarrabawarki take. In ta fara ba da labarin mai mashin, ki tsare fuskarki, ban da salati da tafa hannu, don yaro yana ganin uwarsa ta firgita sai ya haɗiye sauran maganar. Ki yi tambaya a buɗe: "Sai me ya faru?" "A ina yake tsayawa?" "Ya taɓa biyawa da ku wani wuri kafin gida?" Kada ki sa mata magana a baki. Ƙanen kuma ki yaba masa a gabanta, amma ta yadda ba za ta ɗauke shi ɗan tonon asiri ba, ki ce su biyun duka masu tsaron juna ne.

Sai maganar baƙi. Abin da kika gaya musu, cewa duk wanda ba su sani ba ɓarawo ne, yawancinmu da shi aka rene mu, amma ba ya aiki. Yaro ɗan shekara 5 in aka ce ɓarawon yara, wani mummuna mai jajayen idanu yake hangowa. Mutum mai fara'a da ya kira sunan babansa, ya ba shi biskit sau biyu, ya riga ya fita daga sahun baƙi. Ga shi kuma dattijon da ya zo zumunci shi ya sha sunan. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, yawancin yaran da ake cutarwa, wanda suka sani ne yake cutar da su. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa a Najeriya mace 1 cikin 4 da namiji 1 cikin 10 sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma kaɗan ne ƙwarai suka sami wani taimako. Kin kuma tuna yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a Disambar 2021 a hanyarta ta dawowa daga Islamiyya. Mai makarantar bokon da take zuwa ne ya ɗauke ta, ta bi shi ne don ta san shi, kuma kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2022. Da ɗan gari akan ci gari.

Don haka ki sauya darasin. Maimakon su riƙa duba ko sun san mutum, su riƙa duba abin da yake nema a wurinsu. Duk wanda ya ce a ɓoye wa Mama da Baba wani abu, a ranar za a faɗa. Duk wanda ya ce "zo mu je", ko a mashin ko a keke ko a ƙafa, ba a binsa sai an tambayo gida. Kyauta kuma, in an ba su a gaban mutane, su kawo miki kafin su buɗe. Wannan doka ba ta ware kowa ba, ko maƙwabci ne ko kawu ko malam. Gaisuwa kuwa tana nan daram. Yaro zai durƙusa ya gaida babba, ya amsa tambaya cikin ladabi, amma ƙafarsa ba za ta bi shi ba. Ki ba su jimla guda da za su haddace, wadda ba mai jin ta ya ce rashin kunya ce: "Na gode Baba, sai na tambayo a gida." Mutumin kirki zai ce madalla da tarbiyya. Wanda ya ji haushi ko ya dage da lallashi, ya nuna kansa.

Inda abin ya fi wuya a wurinmu shi ne aike. Mun taso a kan cewa babba in ya aike ka ba ka musu, kuma ta wannan ƙofar ake shigo wa yara da yawa. "Zo ki sayo mini ruwa." "Shigo ki ɗauki kuɗin a kan katifa." "Zo ki taya ni neman makullina a cikin kangon nan." Ba zan ce ki hana su aike gaba ɗaya ba, unguwa ba za ta zaunu haka ba. Amma ki kafa musu iyaka da za su iya gani da ido: ana karɓar kuɗin aike a bakin ƙofa, a kawo saƙo a bakin ƙofa. Ba a shiga ɗakin samari, ba a zagayawa bayan kanta a shago, ba a shiga kango ko gidan da ba mata a ciki. Ki kuma gaya musu cewa babban da ke da matsala ta gaske babba ɗan'uwansa yake nema, ba yarinya 'yar aji uku ba.

Faɗa da baki kaɗai ba ya zama a kan yaro, sai an yi ta gwadawa. Ki mayar da abin wasa a tsakar gida bayan sallar isha'i. Ki yafa rawani ko ki sa hular babansu, ki hau turmi kamar mashin, ki ce, "Kai yara, babanku ne ya aiko ni, Mamanku ba lafiya tana asibiti, ku hau mu tafi." Ki bar su su amsa. Za su yi dariya, za su yi kuskure, sai a sake. Ki koya musu cewa in an kama hannunsu, kuka kaɗai bai isa ba, domin mai wucewa zai ɗauka uba ne da ɗansa mai rigima. Su ɗaga murya su ce, "Wannan ba babana ba ne! Ku taimake ni!" su ruga inda mutane suke, wurin mace mai goyo, ko mai shayi, ko ƙofar masallaci. Kin ga nan ma wata illar ce ta tsoratar da su da kowa: ranar da yaro ya ɓace a Babbar Kasuwa ko a taron biki, wanda bai sani ba ne zai taimake shi, dole ya iya zaɓar wanda zai tunkara. Su haddace cikakken sunan babansu, sunan unguwa, da lambar waya guda. Lamba 11 ce, yaron da ya haddace Fatiha da Ƙulhuwallahu zai riƙe ta in kika sa mata waƙa.

Maganar jiki kuma kada kunya ta hana ki. Addini ya riga ya ba ki harshen da za ki yi ta da shi. Yara sun san kalmar al'aura daga Islamiyya. Aya ta 58 a Suratun Nur ta umarci yara ƙanana su nemi izini kafin shiga wa manya a lokuta uku, hadisi kuma ya ce a raba musu wurin kwana in sun kai shekara 10. Lokacin wanka ya fi dacewa: "Nan da nan naki ne ke kaɗai. Ba mai taɓawa, ba mai kallo, ba mai nuna miki nasa. In ba ki da lafiya likita zai duba, ni kuma ina tsaye." Ki yi wa namijin irin wannan bayani daidai wa daida. Muna yawan sa ido a kan mata mu saki maza, alhali su ma ana cutar da su, kuma sun fi jin nauyin faɗa.

Wani ɗan tsokaci: yaranmu na wannan yanki suna jin labarin 'yan bindiga, sun ji na sace ɗalibai a Jangebe da Birnin Yauri a 2021 ko da a bakin manya ne. Kada ki cakuɗa wancan da wannan. Wancan ba abin da yaro zai iya yi a kai, nauyin hukuma ne da manya. In kika haɗa su, tsoron da ba shi da mafita za ki ɗura musu.

To, surukarki. Gaskiya tana da hujja a wani ɓangare. An kira ɗan'uwanta ɓarawo a gidan ɗanta, ko wace ce za ta ji ciwo. Kuma ita ta yi reno a lokacin da kowa ya san ɗan kowa, duk wanda ya tsaya da yaro a hanya akwai idon da ya san shi har kakansa. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1991 yake ta faɗaɗa, yau a Badariya ko Gesse kana iya shekara ba ka san sunan na bayan katangarka ba. Ba sai kin yi mata wannan lacca ba. Ki fara da gyara abin da ya ɓaci: ki kama hannun yaron ku je ya gaida dattijon, ke ma ki ba da haƙuri. Bayan nan ki same ta ita kaɗai, ki ce, "Inna, na tsorata ne na yi musu bayani ba daidai ba. Ke kika fi ni sanin reno, ki taya ni. Ina so su riƙa gaida kowa, amma kada su bi kowa sai sun tambaye ki ko ni." Kin sa ta cikin masu ba da izini ke nan, kin mayar da ita mai gadi maimakon abokiyar gardama. Tsofaffi sun fi mu sanin labaran da aka binne a cikin dangi, kada ki yi mamaki in ta fi ki zafi da zarar ta ji zancen "kada ku faɗa a gida" daga bakin jikarta.

Maigidanki kuma, ina jin ba rashin damuwa ba ne. Maza da yawa in aka kawo musu tashin hankali ba tare da abin yi ba, sai su rufe zancen da "Allah ya tsare". Gaskiya ne Allah ke tsarewa, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ki daina kai masa damuwa, ki kai masa aiki. Ki tuna masa da maganarsa: mutum ya ce shi abokinsa ne, shi kuma bai gane shi ba, ashe akwai mai yawo da sunansa yana ɗaukar masa 'ya'ya. Ba namijin da zai ji haka ya kwanta. Ki roƙe shi abu biyu. Ya je da kansa lokacin tashi daga Islamiyya na 'yan kwanaki, ya tsaya daga nesa ya ga mutumin. Sannan ya gana da malamin makarantar, a rubuta sunayen mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauki yaran, a kuma ja hankalin sauran iyaye, domin mai irin wannan hali ba ya tsayawa a kan gida ɗaya. In an gano mutumin, a tunkare shi tare da mai unguwa, in akwai alamar mugun nufi a kai ga 'yan sanda. Ina jaddada wannan: ban da ihun "ɓarawon yara" a titi, ban da sa hotonsa a WhatsApp. Kin san yadda taron jama'a yake, an sha hallaka marasa laifi a kan zargi irin wannan kafin a tsaya a yi tambaya.

In maigidan ya ci gaba da jan ƙafa, kada ki zauna jiransa kuma kada ki mayar da abin rigimar aure. Ki nemi yayanki ko ƙanenki ya yi wannan tsayuwar. Ki haɗa kai da uwaye biyu ko uku na layinku, yaran su riƙa tafiya a ayari da wani babba a cikinsu, ko ku yi karo-karo ku ɗauki mai keke guda da kuka san gidansu. In Islamiyyar tana tashi dab da magariba kuma da nisa, duba ko akwai ta kusa ba abin kunya ba ne.

Mu dawo kan waya. Ƙanwar mijinki ita ma yarinya ce, kada ki manta. Ba da mugunta ta sa bidiyon ba, ta ga 'yar yayanta ta yi kyau ne tana son a yaba. In kika tona ta a gaban yayanta aka ƙwace wayar aka zage ta, za ta buɗe wani shafin a wayar ƙawarta, ke kuma kin rasa ido a kai. Ki kira ta gefe, ku kalli bidiyon tare, ki ce ta gaya miki abin da baƙo zai iya sani daga ciki. Ga bajen makaranta a ƙirji, ga launin kayan, wataƙila ga ƙofar gida ko allon wani shago a baya. Wanda ya san garin ya san inda zai tsaya da ƙarfe nawa. Da kanta za ta gane. Kafin a goge komai, ku ɗauki hoton rubutun mutumin da sunan shafinsa ku ajiye, sannan ta toshe shi, ta kai ƙararsa ta wurin da manhajar ta tanada, ta sauke bidiyon, ta kuma rufe shafinta yadda sai wanda ta amince da shi zai gani. Daga nan ki tambaye ta a hankali ko ya biyo ta ta saƙon sirri. Ina da ƙarfin zaton mai neman unguwar 'yar shekara 8 bai bar 'yar shekara 16 ba. Katin da ya yi alkawari da biskit ɗin mai mashin aikinsu ɗaya. Ki gaya mata tun yanzu cewa in wani ya taɓa karɓar hotonta yana yi mata barazanar watsawa, kada ta biya shi, kada ta ƙara tura wani, ta zo wurinki, za ki rufa mata asiri ku nemi mafita. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta yaudarar yaro ta waya da nufin lalata, da mallaka ko yaɗa hotunan tsiraicin yara, don haka mai barazanar shi ne a ƙarƙashin hukunci.

Ita kuma ɗiyarki, TikTok da Facebook da WhatsApp duka ƙa'idarsu sai mai shekara 13, saboda haka ba ta da abin yi a cikinsu ita kaɗai. Ki sa wa wayarki lambar sirri da ba ta sani ba. In kina son ta yi kallo kina girki, hanya mafi sauƙi ita ce ki sauke mata abin da kika zaɓa, ki kashe data, ki miƙa mata, ta zauna inda kike ganinta. In kina da hali ki sa YouTube Kids, ko ki yi amfani da Family Link na Google wanda ke ba ki damar iyakance lokaci da manhajojin da za a buɗe, duk da cewa ba wanda ya kai idonki. Ki duba wasannin da ke wayar, wasu suna da wurin hira da mutanen waje. A WhatsApp ɗinki ki gyara saiti yadda baƙuwar lamba ba za ta ga hotonki ba, ba kuma za ta jefa ki cikin rukuni ba. Ke ma ki rage sa hotunansu da kayan makaranta a status, don ba ki san wayar wa hoton zai ƙare ba.

Akwai darasi guda da nake so ki nuna mata a aikace. Ki ɗauki wayarki a gabanta, ki canza hoton shafinki zuwa na wata yarinya ko na kyanwa, ki canza sunan, ki tura wa gwaggonta saƙo: "Ni ce sabuwar ƙawarki, shekarata 9." Ta gani da idonta cewa cikin minti ɗaya uwarta ta zama 'yar shekara 9. Daga nan ba sai kin yi dogon bayani ba in kika ce wanda ke cikin waya ba lallai shi ne na cikin hoton ba. Dokokin na titi su ne na waya: ba a faɗin unguwa ko makaranta, ba a tura hoto ko murya, ba a amsa kiran bidiyo na wanda ba a sani ba, duk wanda ya ce a ɓoye a faɗa. In wani abin banza ya faɗo mata a allo, ta kifa wayar ta kira ki. Ranar da ta yi haka kada ki hukunta ta da hana kallo, in ba haka ba gobe shiru za ta yi.

Saura abu ɗaya, ina fata ba za ki buƙace shi ba. Ki sa ido a kan ɗiyar a makonnin nan: fitsarin kwance da ya dawo bayan ta daina, firgita cikin barci, ƙin zuwa wani wuri ko wurin wani mutum ba dalili, ciwo ko ƙaiƙayi a gaba, ko maganganun manya da ba ta isa sani ba. Ko ɗaya daga cikinsu ba hujja ba ce ita kaɗai, amma dalili ne na tambaya. In ta faɗa miki an taɓa ta, kalmarki ta farko ita ce, "Na yarda da ke, ba laifinki ba ne, kin kyauta da kika faɗa." In abin sabo ne, kada a yi mata wanka, kada a wanke kayan da ke jikinta, a tafi asibiti nan take, Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, domin maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, kuma rahoton likita shi ne ƙashin bayan shari'a. Daga nan a kai rahoto ga 'yan sanda, ana kuma iya neman taimakon Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha ko hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, lambar gaggawa ta ƙasa kuma 112 ce. Za a zo miki da maganar rufin asiri, a ce a sasanta a zaure don kada yarinya ta rasa mijin aure, musamman in mai laifin na gida ne ko mai faɗa a ji. Asibiti da masu bincike suna da hanyar ɓoye sunan yarinya, ki nemi a yi hakan tun daga farko. Amma kada ki sa hannu a sulhun da zai bar mutumin yana yawo a layin da yara ke bi zuwa makaranta.